Na Je Taizé Neman Maɓoya

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan shaida, domin ba irin wadda muka saba tafa wa ba ce. Ban tashi daga gadon asibiti ba, ban tsira daga haɗarin mota ba. Ƙarya na yi wa mahaifina, na goya ta wata huɗu, har na ƙetare iyaka da ita zuwa wani ɗan ƙauye a ƙasar Faransa. Duk wanda ya tambaye ni a lokacin abin da zai kai ni can, nakan ce masa neman fuskar Ubangiji. Alhali maɓoya na je nema.

Karatun injiniya ne ya kai ni Jamus a ƙarshen 2016. Kafin a ba ɗalibi biza, sai ya zuba kuɗin zaman shekara guda, sama da yuro dubu takwas a wancan lokaci, cikin wani asusu da banki ke kullewa yana sakar masa kaɗan-kaɗan duk wata. Baba ne ya biya, da kuɗin sallamarsa bayan shekara talatin da biyar yana riƙe da alli. Ko sau ɗaya bai taɓa yi mini gori ba. Da ma ya yi, da na sami abin kamawa in yi fushi.

Yawancin jami'o'in Jamus suna da wata doka da kowane ɗalibi kan haddace tun makon farko: in ka faɗi jarrabawar darasi ɗaya har sau uku, an sallame ka daga fannin, kuma ba a jami'arku kaɗai ba, ƙofar wannan fanni ta rufe maka a ƙasar. Ga baƙo abin bai tsaya nan ba, domin takardar zamansa a jikin karatun take rataye. Na faɗi lissafin injiniya karo na farko, na ɗora wa sanyi da Jamusanci laifi. A watan Maris na 2018 sakamako na biyu ya fito. Da yamma Baba ya kira.

"Yaya jarrabawar?"

"Mun gode Allah, Baba. An ci."

Ban shirya faɗin haka ba, bakina ne ya riga ni. Na ce gobe zan gyara. Goben ba ta zo ba har ranar Lahadi, da Mama ta turo mini saƙon murya tana ta murna, wai Baba ya miƙe a gaban ikilisiya ya yi godiya saboda nasarar ɗansa. Daga nan na ga hanyar komawa ta toshe.

Ku ji abin kunya. A watannin nan ne muryata ta fi ta kowa tashi a zumuntar ɗalibai. Ni ne mai ba da waƙa, ni ne mai doguwar addu'a. Amma in na koma ɗaki na rufe ƙofa, ko "Ubanmu wanda ke cikin sama" ba na iya kaiwa ƙarshe. Na'urar sauraro ba ta barin kunnena, a jirgin ƙasa, a kicin, har a kan gado. Duk wata ƙara da za ta hana ni jin kaina, ina maraba da ita.

Wata ɗaliba Bajamushiya ce ta kawo maganar Taizé a zumunta (Teze ake furta shi). Ta ce wasu 'yan'uwa maza ne da suka keɓe ransu ga Almasihu, Katolika da Furotesta a gida ɗaya, suna karɓar matasa daga ko'ina mako-mako, daga Lahadi zuwa Lahadi. Abin da ya ja hankalina ba 'yan'uwan ba ne. Ta ce kuɗin zaman kaɗan ne, ana duba ƙasar da mutum ya fito, kuma takardar zamana ta Jamus ta isa ta shigar da ni Faransa. Sai na lissafa: mako guda a inda ba wanda ya san ni, ga kuma hujja mai tsarki ta ƙin ɗaga waya. Da na gaya wa Mama za ni yankin Burgundi, sai ta ce me zan je yi a Burundi, ba ta ji ana faɗa a can ba? Da ƙyar na fahimtar da ita cewa wannan gonakin inabi ne a tsakiyar Faransa.

Ranar Lahadi 15 ga Yuli na sauka a Mâcon, garin da ake shiga bas zuwa ƙauyen. Ban lura da ranar da na zaɓa ba sai da na ga tutoci a kowace taga: ranar wasan ƙarshe na cin kofin duniya ce, Faransa da Kuroshiya. Bas ya bi ta Cluny, ya ƙara kamar kilomita goma, ya hau wani tudu ya sauke mu. Aka ba ni takardar abinci da lambar ɗaki. Ɗakin na katako ne, gado kan gado, mu shida: Italiyawa biyu, Bajamushe ɗaya, wani ɗan Indonesiya mai karatun digiri na uku a Holan, da wani dogon yaro ɗan Kuroshiya da ke zaune a bakin gado kamar an yi masa rasuwa. An ci su huɗu da biyu. Da ya ji daga Najeriya nake, sai ya ɗago ya ce, "Musa!" Ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Ayisland yake nufi. Na tuna masa cewa su ne suka ci mu biyu da nema a wasan farko, don haka yau ya ɗanɗana. Ya yi dariya ba don yana so ba. Har dare muna jiyo ƙahon motoci daga kwari.

Ƙararrawa ce agogon wurin. Sau uku take kira a rana: takwas da kwata na safe, sha biyu da minti ashirin, da takwas da rabi na yamma. Na ce yamma, domin a watan Yuli rana ba ta faɗuwa a can sai bayan tara. In ta kaɗa, komai ya tsaya. Mai shara ya jingine tsintsiya, mai kaɗa jita ya rufe ta, dubban mutane su nufi gini ɗaya.

Sunansa Cocin Sulhu. An buɗe shi a 1962, kuma matasan Jamus ne suka zo suka yi aikin ginin da hannunsu, kimanin shekara ashirin bayan sojojin ƙasarsu sun mamaye Faransa. Daga waje kamar ɗakin ajiyar kaya yake. A ciki ba layin kujeru, ba mumbari. Kowa a ƙasa yake zaune a kan darduma, 'yan'uwan cikin fararen riguna a tsakiya, kyandirori da yawa a gaba. Waƙoƙin gajeru ne, layi ɗaya ko biyu, a yi ta maimaitawa, wata da Latin, wata da Faransanci, wata da Rashanci, lambarta na haskawa a wani allo don ka buɗe littafi. Aka karanta 'yan ayoyi da harsuna da dama. Na gyara zama ina jiran wa'azi.

Sai aka yi tsit.

Na ɗauka na'urar magana ce ta lalace. Na leƙa gaba ko zan ga wani yana gudu da waya a hannu. Ba kowa. Mutum dubbai, har da yara 'yan sakandare waɗanda ɗazu suke ta ihu a layin abinci, duk sun yi shiru. Minti ɗaya, biyu, biyar. A cikin wannan shirun ne na ji abin da na yi wata huɗu ina toshe wa kunne. Ba muryar mala'ika ba ce. Tawa ce: "An ci, Baba." Na duba agogo, na ƙirga kyandirori, na yi ƙoƙarin rera waƙa a zuci. Kusan minti goma aka yi kafin wani ɗan'uwa ya ɗaga murya. Da muka fito na tambayi Bajamushen ɗakinmu ko kullum haka ake yi. Ya ce sau uku a rana. Wa'azi fa? Ya ce babu. Na ce a raina na kawo kaina.

Karin kumallo burodi ne ɗaya, da ɗan man shanu, da sandunan cakulan biyu, da koko ko shayi a cikin jan kwanon roba. Ba wuƙa, ba cokali mai yatsu, duk makon cokali ɗaya ne makaminka. Italiyawan suka koya mini shafa man da sandar cakulan, sannan a tura ta cikin burodin. A ƙasa ake ci, ko a kan benci in ka yi sa'a. Abincin rana da na dare ba su da wata fitina: taliya, ko shinkafa, ko dankali, da cuku da ɗan itace. Wanda bai ƙoshi ba akwai layin ƙari, kuma tun rana ta biyu masu rabo a wannan layi suka san fuskata.

Duk abin da ke tafiya a tudun nan, baƙin ne ke tafiyar da shi. Masu dafawa, masu rabawa, masu wanke manyan tukwane, masu riƙe allon da aka rubuta "shiru" a ƙofar coci, masu zagayawa da dare suna lallashin matasa su kwanta. 'Yan'uwan ma ba sa karɓar kyauta ko gudummawa don kansu. Da aikin hannunsu suke ci, tukwane da kofuna da 'yan sarƙoƙin wuya da suke sayarwa, har gadon da ya faɗo wa ɗayansu matalauta ake ba. Ranar da ake rabon aiki na tsaya ina kallon sama, ina jiran a ce wa ya iya waƙa. Kafin in farga ayyuka sun ƙare, saura ɗaya: wankin bayan gida.

Shugabar rukuninmu wata yarinya ce 'yar Koriya, ba ta fi shekara sha tara ba. Ta miƙo mini safar hannu da bokiti, ta nuna mini yadda ake yi, kamar ban taɓa ganin buroshi ba. Rana ta uku ta dawo da ni wani ɗaki ta ce ban goge bayan ƙofa ba. Nan na fashe. Na gaya mata ni ɗalibin injiniya ne, ba wannan ya kawo ni Turai ba, kuma a inda na fito ƙaramar yarinya ba ta aika babba. Ba ta ce uffan ba. Ta karɓi tsumman daga hannuna, ta durƙusa ta goge wurin da kanta. Ɗan Indonesiyan nan, mai shekara ta ƙarshe a digirin dakta, yana ɗaki na gaba yana cuɗa masai yana fito. Ɗalibin injiniya! Wanda ya faɗi lissafi sau biyu. Kashegari na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma yau ma bayan ƙofa.

Ƙarfe goma na safe wani ɗan'uwa kan yi bayanin nassi, ana fassarawa rukuni-rukuni a gefe, sannan da rana a rabu ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashin itatuwa. Ranar Laraba aka kawo labarin Iliya a Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 19. Na san shi tun ina makarantar Lahadi: iska, girgizar ƙasa, wuta, sannan ƙaramar murya. Amma ɗan'uwan bai yi saurin kaiwa can ba. Ya tsaya a ƙarƙashin itacen da annabin ya kwanta yana roƙon mutuwa. Ya ce mu lura, mutumin nan gudu yake yi, ya bar bakin aikinsa, amma mala'ikan da aka aiko bai tuhume shi da komai ba. Taɓa shi ya yi ya ce ya tashi ya ci. Ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana arba'in, a bakin kogo, aka tambaye shi: me kake yi a nan, Iliya?

Wannan tambaya aka ba mu mu tattauna. Mu goma ne, rabinmu ɗalibai ne da ke karatu nesa da ƙasashensu. Na riga kowa buɗe baki. Na yi musu wa'azi na minti biyar, da ayoyi, da "haleluya" a ƙarshe. Suka gyaɗa kai cikin ladabi. Sai wata 'yar Fotugal ta ce ita ba ta ma tabbata ta gaskata da Allah ba, kakarta ce ta rasu, ta rasa inda za ta kai kukanta. A raina na ce dubi Kiristocin Turai. Sai ɗan Indonesiyan ya karɓa. Ya ce shekara huɗu ke nan yana aika wa iyayensa hotunansa yana murmushi a gaban dusar ƙanƙara, bai taɓa gaya musu akwai lokacin sanyin da ya yi mako uku bai yi magana da ɗan Adam ba in ban da mai karɓar kuɗi a kanti. Wani ɗan Kamaru mai karatu a Beljiyam ya yi dariya ya ce kowa da irin wannan hoton. Wata 'yar Indiya ta ce ƙauyensu gaba ɗaya ya raka ta tashar mota, ta yaya za ta ce musu ta gaji? Suna ta fitar da abin da ke cikinsu da Turancin da bai ishe su ba, ana taimaka wa juna da kalma. Ni da na fi su iya Turanci, na fi su sanin ayoyi, ni kaɗai ne ban faɗi gaskiya ko ɗaya ba.

Ba komai na wurin ne ya kwanta mini ba, kuma ba zan ɓoye ba. Na tashi a ikilisiyar da ba a ajiye zane ko siffa a wurin sujada, don haka ganin mutane durƙushe a gaban zanen tsarkaka ya dame ni, har yau ma ban saba ba. Amma akwai wani zane a gefen cocin da na yi ta komawa gabansa. Kwafi ne na wani tsohon zanen Kiristocin Masar, ainihinsa yana gidan tarihi na Louvre a Paris. Yesu ne tsaye kafaɗa da kafaɗa da wani shugaban masu ibada mai suna Mina, ya ɗora masa hannu a kafaɗa. Ba gaba da gaba suke ba, kamar alƙali da mai laifi. Gefe da gefe suke, suna duban hanya ɗaya.

Wata yamma ɗan Kuroshiyan ya ja ni cikin tsohon ƙauyen, inda akwai wani ɗan cocin dutse da ya yi ɗaruruwan shekaru. A bakin ƙofarsa kabarin Ɗan'uwa Roger yake, wanda ya kafa wurin. Gicciyen katako ne kawai da sunansa. Ɗan Suwizalan ne, ɗan fasto, ya zo ƙauyen a 1940 yana da shekara ashirin da biyar, ana tsakiyar yaƙi, ya sayi wani tsohon gida yana ɓoye 'yan gudun hijira, har da Yahudawa. A ranar Ista ta 1949 su bakwai suka ɗauki alkawarin zama tare har mutuwa. Ranar 16 ga Agusta 2005, yana da shekara casa'in, wata mace mai taɓin hankali ta daɓa masa wuƙa ana cikin addu'ar yamma, a cocin nan da muke zama kullum. A wajen jana'izarsa, Ɗan'uwa Alois da ya gaje shi ya roƙa wa matar gafara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tun farkonsa wurin nan maɓoya ne. Sai dai waɗancan mutuwa suka gudo wa. Ni kuwa wayar tsoho ɗan fansho.

Kowace Juma'a da dare akan kwantar da gicciye a ƙasa a tsakiyar coci, mutane su matso da gwiwa, su ɗora goshi a kai su bar wa Almasihu kayansu. Layin kan kai tsakar dare. Juma'ar farko daga nesa na kalla. Asabar aka raba wa kowa siririn kyandir, yara suka ɗauko wuta daga gaba, ta yi ta yaɗuwa hannu zuwa hannu har ginin ya haskaka, domin tuna tashin Ubangiji. Lahadi motoci suka zo kwasar mutane. Aka yi ta kuka da rungume-rungume, ɗan Kuroshiyan ya rubuta mini adireshinsa a bayan takardar abinci. Ni kuwa na je na nemi izinin ƙara mako biyu a cikin masu aikin sa kai. Kada wani ya ce Ruhu ne ya riƙe ni. Wataƙila shi ne, amma abin da ni na sani a lokacin tsoron komawa ne.

Wanda ya daɗe a wurin akan haɗa shi da ɗan'uwa guda da zai riƙa ganawa da shi. Nawa dattijo ne mai magana a hankali, kamar yana auna kowace kalma a sikeli. Ganawar farko na cika masa kunne da labarin hidimata a zumunta. Ya saurara har na ƙare, ya yi mini godiya, ya tambaye ni ko ina samun barci. Shi ke nan.

Aka mayar da ni wankin tukwane. Zafin bazarar nan ya yi tsanani, ciyawar tudun duk ta ƙone ta zama ruwan ƙasa. Ɗan Indonesiyan ma ya ƙara kwanaki, kuma shi na fara gaya wa, ba don na yi niyya ba. Littafin lissafina ya gani a ƙarƙashin matashi, ya ce wa ke zuwa nan da irin wannan? Na ce mai gwaji na uku. Ya san abin da ake nufi. Daga ranar, bayan shayin ƙarfe biyar, mukan zauna a bayan ɗaki ya yi ta yi mini bayani a bayan tsofaffin takardun waƙa. Maganar Baba kam ban gaya masa ba.

Juma'a ta biyu, 27 ga Yuli, aka yi husufin wata, wanda ya fi kowane daɗewa a wannan ƙarni, awa ɗaya da minti arba'in da uku wata na cikin inuwa. Muka fito daga addu'a muka tarar da jama'a a fili sun ɗaga kai. Ga shi can ƙasa-ƙasa, ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Sai wayata ta yi motsi a aljihu. Baba. Na san dalilin kiran. Tun muna yara in za a yi irin wannan, yakan tashe mu ya ɗauko lemo da fitila ya nuna mana yadda duniya ke shiga tsakanin rana da wata. Ina riƙe da wayar har ta katse. Sai saƙo ya shigo: "Injiniya, kana ganin wata? Mu ma muna ganinsa."

Daren nan ban runtsa ba.

A ganawa ta gaba ban bari na zauna daidai ba na faɗa wa dattijon komai, kaina a ƙasa. Na jira faɗa, ko aya, ko ya ce Allah ya gafarta mini in tashi in tafi da sauƙi. Bai ba ni ko ɗaya ba. Ya yi shirunsu na gida, sannan ya ce, "Ka ce kana tsoron kada zuciyarsa ta karye. Wa kake karewa, shi ko kanka?" Na ce ban sani ba. Ya ce ba sai na amsa masa ba, ba shi ne mai tambayar ba.

Juma'a ta uku na shiga layi. Fiye da awa guda ina jan gwiwa a kan darduma, ana ta maimaita waƙa ɗaya. Da na isa na ɗora goshina a kan katakon, ya yi ɗumi saboda goshin waɗanda suka riga ni. Ni mai doguwar addu'a, abin da ya fito daga bakina bai wuce wannan ba: "Ubangiji, na yi ƙarya." Ban ga haske ba, ban ji an sauke mini dutse daga ƙirji ba. Na dai san gobe zan kira.

Masu son jin ƙarshen jarrabawa, ga shi a taƙaice: na rubuta ta a ƙarshen Satumba na sami 4.0. A tsarin Jamus 1.0 ne ƙololuwa, 4.0 kuwa shi ne matakin ƙarshe kafin rami. Amma a ranar Asabar ɗin nan, 4 ga Agusta, ban san haka za ta kasance ba, Baba ma bai sani ba.

Wajen shida da rabi na yamma na bi hanyar da ta fita daga ƙauyen, na tsaya a bakin wani shinge inda fararen shanun yankin ke kiwo. Bugu biyu ya ɗaga.

"Injiniya! Ka ɓuya."

"Baba, ina wuni. Ina da magana."

"Ina jin ka."

Na faɗa masa. Na ce ban ci ba, karo na biyu ke nan, saura dama ɗaya, in ta wuce an kore ni. Na ce na san ya tsaya a gaban ikilisiya saboda maganata. Na ce ya gafarta mini.

Sai ya yi shiru.

Na san kaina. Da a watan Maris ne, da na cika wannan shirun da dalilai: sanyi, harshe, malamin da ba ya bayani, aikin dare. Duk suna nan a bakina, a jere. Amma mako uku ke nan ana zaunar da ni a ƙasa sau uku a rana ba a bar ni na ce komai ba. Na riƙe shingen na bar shi da shirunsa. Ina jin numfashinsa, ina jin rediyo can nesa a bayansa, ina jin wata saniya tana tumɓuke busasshiyar ciyawa a gabana. Ban duba agogo ba.

"Tun Maris," ya ce.

"E, Baba."

"Kai kaɗai kake ɗauke da wannan tun Maris."

Ban iya amsawa ba.

"Ka ɓata mini rai. Ba faɗuwar ba, na koyar da yara shekara talatin da biyar, na san faɗuwa. Za mu yi wannan magana, ni da kai, ba yau ba. Mamanka kuma da bakinka za ka gaya mata, ba ni zan ɗaukar maka ba." Ya yi gyaran murya. "Yaushe ne na ukun?"

"Ƙarshen Satumba."

"To." Ya sake yin jim. "Ƙarfe nawa ne a wurinku yanzu?"

"Bakwai saura, Baba."

"Ka ci abinci?"

"Ban ci ba."

"Je ka ci."

Na share fuskata da gefen riga na koma kan tudu. Layi ya riga ya yi tsawo, ya zagaya har bayan rumfa. Na bi bayan wasu yara 'yan Sifen da ke ta tafa hannu suna wasa, har na iso gaba, aka miƙo mini faranti da cokali.